Baƙin Hayaƙi a Zauren Liman

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, Kaka, mun gyara.

To. A ƙasar Bukkuyum, in ka bar Gwashi ka ɗan miƙa, akwai wani gari da ake ce wa Tungar Mamuda. A nan Inna Lubabatu take, matar marigayi Liman Kamaluddeen.

Liman Kamaluddeen ba ciwon gida ne ya kashe shi ba. Shekarun nan, ku ma kun sani, da damina ta kawo kai mutanen daji masu bindiga sukan aiko cewa ba mai sa fartanya a gona sai an je an yi magana da su. Kuma ba su yarda da kowa sai liman, wai shi ne ba zai yi musu ƙarya ba. Shekarar da zai rasu da ƙafarsa ya tafi. Suka riƙe shi kwana talatin da biyu cikin ruwa da sauro, ya dawo ƙafafu a kumbure, tari ba ya barinsa, ko kaka bai kai ba Allah ya yi masa cikawa.

Wata bakwai gari ba liman. Na'ibi, Malam Sambo, shi ke jan Juma'a, tsoho ne tukuf, sahu na uku ba sa jin kabbararsa.

Manyan malaman garin biyu ne, Malam Auwalu mai sakin hannu a salla da Malam Lirwanu mai kama hannu. Shekara ashirin kowa da mutanensa, kowa na hangen limanci. Amma tun da aka binne Liman sai abu ya juye. Mutanen Malam Auwalu suka shiga cewa ai Lirwanu ya fi zurfin karatu, shi ya cancanta. Mutanen Malam Lirwanu suka ce subhanallahi, ina yaro zai shiga gaban babba, ai Auwalu ya girme shi da shekara huɗu. Ban taɓa jin an yabi mutum a garin nan kamar yadda mutanen nan biyu suka yabi juna a watannin nan ba.

Akwai wata ma'aikaciyar asibitin garin, Rahila, Badakkara 'yar Zuru, 'yar cocin Katolika, da ke zaune a ɗaki ɗaya cikin gidan Inna Lubabatu. Wata ranar Asabar da hantsi suna ɓarar gyaɗar iri a tsakar gida, Inna ta lura yarinyar sai duba waya take.

"Ke Badakkara, mi ag ga wayar nan? Ko miji anka samo miki?"

"Ina fa, Inna. Mu ma marayu ne kamarku. Fafaroma ya rasu, jibi-jibin nan za a rufe manyanmu su zaɓi wani."

"A rufe su? Laihin mi sunka yi?"

Rahila ta yi dariya, ta ba ta labari. Ta ce tsofaffi ne masu jar hula, sun haura ɗari da talatin, daga ƙasashe barkatai. Za a karɓe wayoyinsu, a kulle su wuri ɗaya, ba mai shiga ba mai fita, sai kashi biyu cikin uku sun haɗu a kan mutum guda, kuma daga cikinsu ake zaɓa. In ba su daidaita ba a ga baƙin hayaƙi daga rufin ɗakin, in sun daidaita a ga fari.

"Kuma ba su hwaɗa?"

"Faɗan ƙasa-ƙasa, Inna. Wasu na son wanda zai bi sawun marigayin. Wasu sun ce ya sassauta da yawa, a koma yadda ake a da. Mutanen Italiya na so abin ya dawo gidansu, mu kuma muna ta addu'a ko Allah zai sa a ba baƙar fata. An ce a zamanin da sun taɓa yin kusan shekara uku suna ja-in-ja, sai da mutanen garin suka gaji suka rage musu abinci, daga burodi sai ruwa. Yunwa ce ta raba gardamar."

"Madalla da yunwa."

"Amma kakana yakan ce, in manya biyu suka tare wa juna hanya, ba ɗayansu ke samu ba. Waiwayawa ake yi a ɗauko wani shiru-shiru da ke zaune a lungu, wanda ba shi da abokin faɗa."

Hannun Inna Lubabatu ya tsaya cikin ƙwarya. Ɗa namiji ɗaya gare ta, Shafi'u. Ya yi karatu a Gummi, ya dawo yana koyar da yara a zauren ubansa. Shekararsa talatin da huɗu, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, masu sakin hannu na gaishe shi, masu kama hannu na gaishe shi. Matarsa Zinatu na ɗauke da cikin wata takwas. Tun mutuwar Liman Inna ke kwantar da hankalinta da cewa ai yaro ne, ba mai tuna shi. Ranar ta gane cewa rashin abokin faɗan nan nasa shi zai kai shi daji.

Labarin nan da Rahila ta ba Inna ta kuma ba mai gari, Magaji, ranar da ya je awon hawan jini, ga shi kuma rediyo ba ta da zance sai shi. Ran Lahadi aka yi ruwan shuka. A ranar wani makiyayi ya tsaya bakin kasuwa ya isar da saƙo: mutanen daji sun ce liman ya zo kafin Juma'a, in ba haka ba wanda suka gani a gona kansa ya jawo.

Litinin da safe Magaji ya tara malamai da dattawa goma sha ɗaya masu faɗa a ji kan limanci, har da Shafi'u da ke zaune a madadin ubansa. Ya kai su zauren makarantar marigayi, mai ƙofar ƙarfe da 'yar taga ɗaya mai kallon cikin gida, da ɗan kewaye a baya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana karɓar wayoyi yana zubawa a aljihun babbar rigarsa.

Malam Lirwanu ya ce, "Magaji, wagga ai al'adar Nasara ta."

"Kwaɗon da zan sa muku ma na Nasara na, Malam. Wata bakwai kuna yabon juna. Takwas cikinku su haɗu kan mutum guda, in buɗe."

Ya datse ƙofa, ya rataya makulli a wuya, ya leƙo cikin gida. "Inna, abincinsu na hannunki. Kunu da sahe, tuwo da miyar kuka lami da rana. Ko ƙashi kada su gani. In sun daidaita ki sa ɗanyen ganye a wuta mu ga hwarin hayaƙi. In ba su daidaita ba, ki ƙona tsumma."

Ta ce to. Da ya fita ta zauna bakin murhu ta yi tunaninta. In yunwa ce ke sa manya su gaji da gardama su waiwayi na lungu, to mutanen nan ba za su ji yunwa a gidanta ba. Mai ƙoshi yana da ƙarfin musu. In Juma'a ta zo ba su zaɓa ba, dole dai a tura wani, ko na'ibi ko Magaji da kansa, amma ba za a tura ɗanta da sunan liman ba.

Kaji bakwai gare ta. Ta kama biyu, ta sa maƙwabci ya yanka, ta ce Zinatu ce ke kwaɗayi. Ta dafa su da man shanu da daddawa, ta shimfiɗa naman a ƙasan akushi, ta ɗora tuwo a kai, ta malala miyar kuka. Ta taga take miƙawa, hannuwa kawai take gani. Ta san na Shafi'u da tabon tawada a babban yatsa. Ta so ta kama hannun nan ta yi masa magana, amma akwai kunnuwa ashirin a bayansa.

Da la'asar Malam Sambo ya miƙo kwanuka, ko ƙashi babu a ciki, sun ɓoye shaida. Cikin mantuwar tsufa ya haɗo da ƙoƙuna uku. Kowane an rubuta suna da tawada a gefensa, a ciki kuma ƙwallayen dabino, ashe da su suke ƙuri'a. Matar liman ce, ajami ba ya gagararta. Auwalu biyar. Lirwanu biyar. Na ukun ta juya shi ta ga Shafi'u, ƙwallo ɗaya. Ta daɗe tana kallon ƙwallon nan guda. Wane ne ya tuna da shi? Ta mayar da ƙoƙunan ta taga, ta ƙona tsumma.

Talata ta yanka uku, ta ƙara musu da fura mai nono. Tun daga madafa tana jin muryoyinsu, Malam Auwalu na jawo hujja cewa mafi ilimi ke shiga gaba, Malam Lirwanu na jawo tasa cewa mafi shekaru. Muryoyin da ƙarfinsu, har ta ɗan ji sanyi. Amma Husaina maƙwabciyarta ta shigo aron rariya, ta tsaya tana kallon sama.

"Ƙasa na shan iska, Inna. In lemar ga ta bushe ba mu shuka ba, ban san abin da za mu ba yara bana ba. Wai mi sunka tsaya yi ciki? Yunwa ba ta kama su?"

"Malamai na, sun saba da azumi," in ji Inna, ba ta ɗago kai ba.

Da la'asar ta ce wa Malam Sambo ya miƙo duk abin da ke buƙatar wanki. Ƙoƙunan suka sake fitowa. Huɗu, huɗu, uku.

Rahila ta same ta zaune riƙe da ƙoƙo na uku. Yarinyar ta duba rami a bayan madafa inda gashin kaji ya cika, ta duba tsohuwar.

"Inna, ni na jawo miki da surutuna."

"Ba ke ba ce, ɗiyata. Naku sun zaɓa?"

"Gobe za a rufe su."

"To Allah shi ba uwar wanda za su ɗauka haƙuri, in tana da rai."

Laraba da hantsi Magaji ya shigo ransa a ɓace. Mutane sun dame shi, sun ce ba su bambance hayaƙin tsumma da na girkin Inna, kowa sai tambaya yake fari ne ko baƙi. Ya zo da tsofaffin tayoyin babur huɗu da ɗan baƙin mai a kwalba. Ya ƙwanƙwasa ƙofar zaure ya tambaya ko an daidaita, aka ce masa tukuna. Ya tara tayoyin a fili bayan zauren ya cinna musu wuta da hannunsa.

"Yau kowa ya ga baƙi, su ma na ciki su ji kunya."

Kowa kuwa ya gani. Hayaƙi ya miƙe sama baƙi ƙirin, ya fi tsayin kukar bakin gari. Abin da Magaji ya manta, 'ya'yana, shi ne a Roma baƙin hayaƙi na nufin a dawo gobe. A ƙasarmu shekarun nan abu ɗaya yake nufi. Ranar kuma kasuwa ke ci a maƙwabta, hanya cike da mutanen ƙauyuka da ba su san komai game da zaure da kwaɗo ba. Wani mai babur ya hango, ya juya da gudu yana cewa an shiga Tungar Mamuda, ana ƙona rumbuna. Masu zuwa suka juya. Masu komowa gida suka zubar da kaya suka shigo gari a guje neman 'ya'yansu, suna faɗin abin da suka ji a hanya. Mutanen gari da suka san dalilin hayaƙin, da suka ga jama'a na gudu ana cewa ga su nan, su ma suka ɗauka gaske ne. Wani ya harba bindigar toka a bakin gari, shi ke nan. Magaji kansa, da ya kunna wutar, sai ga shi ya tattare riga ya nufi rafi, makulli na lilo a wuyansa.

Inna Lubabatu ta tura Zinatu ɗakin Rahila ta ce su kulle. Ta leƙa waje ta ga Husaina na gudu ba takalmi, goyo a baya, yaro a kowane hannu, ƙaramin ya faɗi ta ja shi a ƙasa. Ta ga wata tsohuwa ta durƙushe a kwata ba mai waiwayarta. Ta duba gabas ta duba yamma, ba babur ko ɗaya, ba baƙuwar fuska. Tayoyi huɗu ne kawai ke ci. Da mutanen nan sun ji yunwa tun Litinin da ba a kai ga tayoyi ba, ita ta san haka, ba sai an faɗa mata ba.

Daga zaure ake dukan taga ana salati. Ta ɗauki taɓarya ta zagaya ƙofar ƙarfen. Tsohuwa ce, sai a duka na tara kwaɗon ya saki. Ta tura ƙofa ta ji ta da nauyi, kamar an jingine ta da buhu.

Shafi'u ne. Zaune yake ya jingina bayansa da ƙofar, don duk wanda ya shigo shi zai fara samu. Malam Sambo na gefensa riƙe da hannun rigarsa. Malam Auwalu ya shige cikin tabarmin yara ƙafafunsa kawai ke waje. Malam Lirwanu ya hau kan randa a kewaye, ƙafa ɗaya kan katanga, rawani ya kwance.

Ta ce, "Ba kowa. Tayar Magaji ta."

Ba wanda ya yi dariya. Suka fito da kansu ɗaya-ɗaya suna kaɗe riga, ba mai iya kallon ɗan'uwansa. Sai da aka yi azahar jama'a suka fara komowa. Magaji ya dawo da laka har gwiwa, ya tarar da kwaɗo a ƙasa da rabin gari a ƙofar zaure. Kafin ya buɗe baki Malam Sambo ya fito da ƙoƙuna, ashe sun koma ciki sun sake ƙuri'a. Biyu wayam. Na ukun ƙwallo goma. Ɗayan da ya rage yana hannun Shafi'u, bai jefa wa kowa ba.

Magaji ya share gumi. "Malam Shafi'u, jama'a sun ba ka limancin garin ga. Ka karɓa?"

"Sai na ji ta bakin Inna."

Duk aka juyo. Tana tsaye bakin ƙofar gida, taɓarya har yanzu a hannunta. Kalma ɗaya za ta faɗa, ban yarda ba, kuma ba malamin da zai ce ɗa ya tsallake maganar uwa. Shi ma ta san ba zai tsallake ba. Ta tuna ƙafafun ubansa ranar da aka sauke shi daga babur. Ta ji Zinatu na kuka a hankali a bayanta. A gabanta kuma ga Husaina zaune a ƙasa tana cire wa ɗanta ƙaya daga tafin ƙafa, ba ta ma kallon kowa. Inna ta duba Shafi'u, ta ga bai sunkuyar da kai ba, jira kawai yake.

"Na yarda," ta ce. "Amma ba shi tahiya shi kaɗai kamar ubanai. Malam Auwalu na dama gare shi, Malam Lirwanu na hagu. Kun ce ɗaya ya hi ilimi, ɗaya ya hi shekaru, to ilimin da shekarun su raka shi."

Malam Auwalu ya fara gyaran murya. "Inna, ai su liman kaɗai sunka ce..."

"Kajina biyar na cikinku, Malam. In hwaɗa ma mutane abin da ke ƙarƙashin tuwon da kunka yi kwana biyu kuna ci, su kuwa iri na jiransu a ƙwarya?"

Ai ta riga ta faɗa. Jama'a suka fara gunaguni. Magaji ya dube ta, ya dubi malaman, ya ce maganar Inna ta zauna, wanda bai yarda ba ya yi wa mutane bayani da bakinsa. Ba wanda ya nemi yin bayani. Aka ce a sa ɗanyen ganye a wuta, Husaina ta ce wanda ya ƙara tayar da hayaƙi a garin nan ita da shi ne.

Alhamis da safe suka tafi su uku a kan babura biyu. Inna Lubabatu ta zauna a zauren, ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa. A ranar, wajen magariba, Rahila ta zo ta ce nasu ma sun zaɓa, ba baƙar fata ba ne, kuma ba ɗaya daga cikin waɗanda aka fi ambata ba. Inna ta ce Allah ya taya shi riƙo, idonta na kan hanya.

Ran Asabar da rana suka dawo, su ukun, da ƙafafunsu. An yarda a yi shuka a gonakin da ke kusa da gari, na nesa kuwa a bar su. Gero ya yi latti amma an samu na ci. Zinatu ta haifi mace. Malam Lirwanu ya kwanta zazzaɓi sati biyu ya tashi. Malam Auwalu ya koma wurin ɗansa a Anka, bai ƙara zama garin ba. Malam Sambo ya rasu da azumi. Magaji na nan da sarautarsa, an daina ba shi ashana. Rahila an mayar da ita asibitin Gummi, takan aiko wa Inna da maganin ciwon gwiwa. Shafi'u shi ne liman har yau, kuma bana ma da ruwa ya sauka an aiko a kira shi, ya tafi ya dawo. Inna Lubabatu tana nan da ranta, duk ranar da ya tafi a zauren take wuni.